Casilda da Layin da Ba a Gani

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a kasuwar garinmu, can kan duwatsun bayan Malaga, ya san Casilda Rueda. In idonsa bai san ta ba, kunnensa ya san ta. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a bayan teburin kifi, wuƙa a hannu, baki kuwa bai taɓa zuwa hutu ba. Gajeriya ce, sai ta taka akwati take ganin sikeli, amma muryarta daga kasuwa har coci. Mijinta Fulgencio, direban motar da ke hawo da kifi daga bakin teku, mutum ne shiru-shiru. Ana cewa tun ranar aure da ya ce ya yarda, bai ƙara samun filin magana ba har Allah ya karɓi abinsa.

Da gwiwoyi suka yi mata tawaye, ta bar wa ɗan ƙanenta Herminio teburin, ta koma gida tana ba furanni ruwa tana yi musu faɗa. 'Ya ɗaya gare ta, Araceli, wadda ta tafi Ingila aikin jinya ta share shekara goma sha biyu. Casilda ta yi ta kunna kyandir a coci don ta dawo, har limamin cocin ya roƙe ta kada ta ƙona masa gini.

Addu'a ta karɓu, har da gyara: Araceli ta dawo da miji. Neville sunansa, mutumin Leeds, aikinsa a kwamfuta yake, ko ina ya zauna ofis ne. Dogo ne sangalgal, fari fat, rana na taɓa shi ya koma ja kamar dafaffen jatan lande. Kwana biyu da zuwansa gari ya raɗa masa suna Falwaya.

Araceli ba ta ɓoye wa uwarta komai ba.

"Mama, shekara ɗaya za mu gwada. In garin ya karɓe shi, mun zauna. In bai karɓe shi ba, ba zan tsare bawan Allah yana ƙunci ba, komawa za mu yi."

"Ke dai ba ni shi," in ji Casilda. "Na sayar da kifin jiya ga matar magajin gari, miji ne zai gagare ni?"

Sai ta buɗe makaranta a kicin. Turanci ko na sayen gishiri ba ta da shi. Neville kuwa wani ɗan littafi ya zo da shi na koyon Sifaniyanci, ta sa Araceli ta karanta mata layi ɗaya.

"Wai, ina hanyar gidan tarihi?"

"A garin nan? Ki ce masa ga ni zaune."

Tsarin karatunta ba alli ba allo. Ta fita, ta rufo ƙofa, ta shigo ta ce *buenos días*, ta tsare shi da ido har sai ya mayar mata da gaisuwar. Sannan shi ma ya fita ya shigo, sau goma, yana buga goshi a bakin ƙofa. *Por favor* da *gracias* ba su ba shi wuya ba, da ma Bature da roƙon arziki da godiya aka yaye shi. Sai ma ta koma rage masa.

"Ɗana, godiya sau ɗaya ta isa. Kifi ya ba ka, ba ƙodarsa ba."

Sunayen kifi kuwa, ɗaga masa su take ta wutsiya har gaban hanci. Wanda ya faɗa daidai a soya masa, wanda ya kuskure a ba kyanwa. Kyanwar ta yi ƙiba a makon farko, ta rame a na uku. Nan Casilda ta ce ɗalibi ya nuna, ta ba shi jaka ranar Alhamis ta tura shi kasuwa, rabin kilo na sardin.

Bayan awa ɗaya da rabi ya dawo, jaka wayam. Alhamis ta gaba ma haka. Ta uku ya dawo ya zauna a tsakar gida ya ƙura wa bango ido, Araceli ta zauna kusa da shi suka yi ta ƙus-ƙus da Turanci.

"Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe su, suna amsawa. Ya tsaya a layi. Duk wanda ya zo bayansa a sallame shi, shi ko kallo ba a yi masa. Ya ce ba laifi, ba dole ne a so mutum ba." Araceli ta dubi uwarta. "Mama, ya tambaye ni ko mun yar da kwalayen da muka zo da kaya."

Casilda ta gane maganar kwalayen nan shirin komawa ce. Alhamis na zagayowa ta sake tura shi, ta ɗauki sandarta ta bi bayansa, ta laɓe bayan gangunan mai zaitun.

Ga abin da ta gani. Neville ya shiga, ya yi gaisuwa tsaf, kasuwa ta amsa. Mata bakwai ke jiran Herminio, ɗaya kan benci, biyu wajen mai tumatir, ɗaya a bakin ƙofa tana riƙe da kare, sauran sun yi da'ira suna cin naman wata. Neville ya duba, ya zaɓi bayan da ya fi kusa da tebur, ya tsaya ƙiƙam. Bayan Angustias ne, wadda ta sayi nata tun ƙarfe tara, ta tsaya ba Herminio labarin aikin da aka yi mata a ƙugu.

Can sai ga wata mata, Prudencia, ta shigo, ta jefa tambaya sama ba tare da ta dubi kowa ba: "*¿Quién es el último?*" Wane ne na ƙarshe?

Ta kan benci ta ce, "*Yo*." Ni ce.

Prudencia ta gyaɗa kai ta wuce sayen albasa. Neville na nan tsaye yana kallon ƙeyar Angustias.

Casilda ta dafa ganga. Layinmu a kai yake, ba a ƙasa ba. Ka tambayi na ƙarshe, ka riƙe fuskarsa, ka tafi harkarka. Wanda bai tambaya ba kuwa bai zo ba, ko da kansa na taɓa rufi. Kuma ita ce ba ta koya masa ba. Ina za ta tuna? Shekara arba'in da ɗaya tana bayan tebur, ita ake jira, bakinta bai taɓa yin tambayar nan ba ko sau ɗaya.

Amma Casilda ba ta cikin masu ɗaukar laifi a bainar jama'a. Ta fito tana buga sanda.

"Kai Herminio, ido ne a fuskarka ko na kifi ka ara? Mako huɗu surukina na tsaye a gabanka."

"Gwaggo, bai karɓi layi ba. In tsallake waɗannan in sallame shi, ke za ki yi min jana'iza? Ni na ɗauka ke yake jira."

"Ni na ce ɗan sandan ciki ne," in ji mai kare.

"Ni kuwa mako huɗu namiji na tsaye a bayana," in ji Angustias, "har na koma sa jan baki."

Casilda ta ja Neville waje ta hannun riga. A bakin ƙofa ta yanka masa tambayar gunduwa-gunduwa, ta sa ya maimaita har ta zauna, sannan ta tura shi ciki. Ya tsaya, ya share murya, ya yi tambaya kamar mai neman aure. Prudencia ta ɗaga albasa daga nesa ta ce ita ce. Ba a jima ba wani tsoho ya shigo ya tambaya. Kasuwa ta yi tsit, kowa ya juyo. Neville ya ɗaga hannu sama ya ce, "*Yo*." Herminio ya buga wuƙa a katako, ya ce yau Falwaya ta kawo wuta.

Abin da Casilda ba ta hango ba shi ne, Bature ko ya karɓi layi ba ya iya barin wurin. Kafin wata ya ƙare matan gari sun gano an kawo musu ma'aji. Wannan ta ce ya riƙe mata za ta kantin magani, waccan ta ce tukunya ta bari a wuta. In gardama ta tashi kan wa ya riga wa, shi ake tambaya, kuma ba a ɗaukaka ƙara. A tsayen nan ya koyi sauran karatun da babu a kicin: ciwon ƙugu, tsadar man zaitun, da wadda 'yarta ta dawo gida ba sallama. Rabin kilo na sardin sai ya ci masa awa biyu, ya dawo yana fito.

Wata safiya, watanni kafin shekarar ta cika, Casilda na gyaran kifi Araceli ta shigo ta jingina da ƙofa.

"Mama, wai ko kin san mai gyaran rufi? Neville ya ce ɗakin sama zai yi yoyo kafin ruwan hunturu, kuma yana so a sa rufin da zai kai shekara ashirin."

Casilda ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana kankare kifin da ta riga ta kankare.

"Ƙanin Prudencia yana yi," ta ce. "Amma ki ja masa kunne. Ya daina gaya wa Angustias yawan gishirin da nake zubawa a miya, jiya har coci aka tare ni da maganar."