Gidan hayar da ban shiga ba

Lokacin harbe-harbe sun fara yawa a unguwarmu, Kilomita Biyar, yau a buɗe kasuwa gobe a rufe. Yayana ya kira ni shagonsa na yadi, ya ce mu haɗa hannu da shi da kawunmu mu sayi gida a Garwa-Bulai, can bakin iyakar Kamaru. Ɗaki shida, mu zuba 'yan haya. Ni kuwa ba abin da na mallaka sai moto ɗina, babur ɗin da nake ɗaukar fasinja zuwa unguwar Miskine. Shi zan sayar in shiga.

Na ce wa zai riƙa karɓar haya? Ya ce, “Kai mana, ƙane. Bakinka ya fi na kowa kaifi.”

Kwana uku ina juya maganar. Na gaya wa Mama tana tsinke ganyen rogo. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, “In gudu ya kama, ina dangi za su sauka?”

Nan na gane a gidan hayar za su sauka. A gidanmu ba a karɓar haya hannun ɗan'uwa, ko tayin ma abin kunya ne. Na koma na ce Yaya a yi haƙuri, ban shiga. Ya ce dama ya san moton nan ya fi shi daraja a wurina. Ya daina amsa gaisuwata sai da ka.

Suka saya su biyu. Ba a jima ba manyan motoci suka fara kwasar mutane zuwa iyaka. Goggonmu ta sauka a gidan da 'ya'yanta, sai surukan kawu, sai wata da har yau ban gane yadda muke da ita ba. Ɗan haya ɗaya tak da ke ciki ma ya tattara ya bar musu.

Wallahi na ji daɗi sun sami rufin asiri. Amma na fi jin daɗin ba ni ba ne mai zuwa ƙofar Goggo ƙarshen wata.

Bayan an ɗan lafa Yaya ya kira ni a waya, yana kame-kame. Wai ko zan ɗan taɓa wa Goggo maganar kuɗin haya, tunda tana ji da ni.

Na ce, “Yaya, ni ɗan moto ne, me na sani a harkar gida?”

Ya fashe da dariya, ya ce, “Ɗan banza. Zo ka kai ni kasuwa.”

Na je. Bai biya ni ba, ban kuma tambaya ba.