Inda Kan Gadon Yake

Ranar da Keziah Thurlow ta ga Silas Gathercole durƙushe a ɗakinta yana auna ƙafar gadonta da igiya, ranar gabanta ya faɗi, kuma har yau hankalinta bai kwanta ba. Silas ne mai rabon sadakar coci a Harlby bana. Ta ɗauka burodin mako ya kawo mata.

"Silas, me ka yar a ƙarƙashin gadona?"

"Ba komai, Iya. Aiko ni aka yi."

"Ni na yanke maka cibiya. Yau kuma ni ka zo gwada wa likkafani?"

Bai yi dariya ba. Ya ƙulla igiyarsa ya fita, ko sallama babu.

Bukkar Keziah a kan iyaka take, tsakanin garin Harlby da garin Coldfen. Ƙofa da kusurwar kwana a Harlby, murhu a Coldfen. Duk shekara, idan mutanen coci suka fito zagayen iyaka suna dukan ƙasa da tsumagiya, ta ƙofarta suke shiga, su fita ta taga, tana miƙa musu tuffa ana raha. Ba wanda ya taɓa ganin illar abin.

Da ƙuruciyarta mijinta Enoch ya kawo ta gidan. Shi yana haƙa lambatu a gonakin masu ƙasa, ita tana kaɗin ulu, har injin ya zo ya ƙwace sana'ar. Sai ta koma kalar alkama bayan girbi, da karɓar haihuwa, da wankan gawa. Rabin Harlby a hannunta suka faɗo. 'Ya'yanta huɗu suna kwance a maƙabartar bayan cocin, na biyar ya shiga soja, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Da ciwon ƙirji ya kama Enoch a sanyin bara waccan, sai ta ja gadon zuwa bakin murhu. A nan ya cika. Ta bar gadon a wurin saboda gwiwoyinta. Cocin Harlby kuwa ya yanka mata sule biyu da burodi ɗaya duk Lahadi.

Bakinta ne ya ja mata. Ta je gaban manoman da ke zuba kuɗin sadakar, roƙon itace.

"Ku dubi Allah, iyayen gidana. Gadon ma har bakin murhu na kai shi, amma sanyi bai bar ni ba."

Manoman suka dubi juna. Tsohon Pegg, wanda ta wanke gawar matarsa, ya ce, "Tun yaushe, Keziah?"

Ta faɗa masa gaskiya, tana zaton tausayi ne. Ashe cewa za su yi talaka na garin da yake kwana ne, garin ne kuma zai ciyar da shi, ita kuwa ga gadonta a ɓangaren Coldfen. Lahadin da ta biyo, aka ƙetare ta a rabon burodi.

Coldfen ma suka aiko nasu mai igiyar. Ya auna, ya ce matashin kanta na ɓangaren Harlby.

"Mu ƙafafu muka gani a ƙasarmu, Baba. Ba ma ciyar da ƙafafu."

Ita kaɗai ta tura gadon ya koma tsohuwar kusurwarsa, inda bango ke tsatsafar ruwa. Ta aika aka kira Silas.

"Ga ni na dawo garinku, ɗan nan."

"Iya, bakin alƙalami ya bushe. Magana tana gaban alƙalai a birni."

"Lauyan da kuka ɗauka, burodi nawa yake ci?"

Silas ya juya ya fita.

Idan alƙalai suka ce ta Coldfen ce, a keken doki za a ɗora ta a kai ta gidan gajiyayyunsu, a can kuma za a binne ta, nesa da Enoch da yaran. Wannan ya fi yunwar cin ranta. Kafin nan ba garin da ke ba ta ko loma, don duk wanda ya ba ta ya amsa tasa ce. Maƙwabta kan ajiye mata dankali a bakin ƙofa su wuce da sauri.

Tana nan tana kwana a kusurwar Harlby, tana tari, ga murhu tana kallo. Alƙalai za su zauna bayan bikin Ista. Har yanzu ba a ji komai ba.