Tsohuwar Kyamara da Muryar Mai Gurmi

Wata rana, gab da azahar, wata mata ta yi sallama a shagona da ke Gusau.

Ga waɗanda ba su san ni ba, kyamarori nake sayarwa, sababbi da na hannu, ina kuma haɗa bidiyon biki da suna.

Dattijuwa ce, amma da sauran ƙarfinta. Hijabinta ya sha wanki har ya koɗe. Ta toge a bakin ƙofa kamar mai tsoron ta taɓa wani abu ya fashe.

Na ce, "Hajiya, bismillah, ƙaraso mana."

Ta ce, "Ɗana, kyamara nake nema mai sauƙin kuɗi. Wadda za ta ɗauki mutum yana waƙa, ana yi masa kiɗa."

Na ɗauko mata wata ƙarama mai sheƙi, sabuwa fil a kwalinta. Ita samari da 'yan mata suka fi saya. Na kunna, na haska titi, na nuna mata yadda hoto yake fitowa tar, har rubutun jikin motar da ke tsallaken hanya ana karantawa.

Ko kallon kirki ba ta yi wa hoton ba.

Ta ce, "Ta ina take jin magana?"

Na nuna mata wasu 'yan ƙananan huji a samanta.

Ta ce, "To idan ana buga kalangu kusa da ita fa, shi kuma mai waƙar muryarsa ba ta fita sosai?"

Na gaya mata gaskiya, kalangun zai danne shi.

Ta gyaɗa kai. Ta ce sun gwada da wayar maƙwabcinsu, haka aka yi. Kiɗa kawai ake ji, shi kuwa bakinsa ne kurum yake motsi.

Sai na tuna da wata tsohuwar kyamara da ta daɗe a ƙasan kantar shagon, ba mai tayawa. Jikinta duk ya goge, murfin batirin ma da salatif aka riƙe shi. Hotonta dishi-dishi ne. Amma tana da wajen jona makirfo, irin ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga.

Na kakkaɓe ta, na maƙala makirfon a rigata, na sa mata abin saurare a kunne.

A lokacin maƙwabcina mai sayar da lasifika ya ƙure sauti, kan mutum har sarawa yake. Na yi ƙasa da murya kamar mai raɗa, na ce, "Hajiya, kina ji na?"

Ta dafe kunnuwanta da hannu bibbiyu. Na ga idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Wannan nake so."

Ni kuwa ɗan kasuwa ne, ba na son a saya a dawo ana ƙorafi. Na ce, "Hajiya, ki dai sake tunani. Kuɗinsu kusan ɗaya ne. Wannan ba za ta fito miki da fuskar mutum da kyau ba. Kar gobe ki ce na cuce ki."

Ta cire abin sauraren, ta dube ni.

"Fuskarsa tana nan, zan ci gaba da ganinta in Allah ya so. Muryar ce za ta tafi."



Na jawo mata kujera.

Ashe maigidanta mawaƙi ne, Malam Tanimu, mai kaɗa gurmi. Tun yana saurayi yake yi wa manoma da mahauta da 'yan kasuwa waƙa a ƙauyukansu. Bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Wanda ya ji shi a fili, ya ji. Wanda bai ji ba, shi ke nan.

Bara muryarsa ta soma dishewa. Aka ce sanyi ne, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Da abin ya ƙi, suka je babban asibiti, aka ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Likitoci suka ce za a iya ceton ransa, amma sai an cire wajen da murya take fitowa.

Ba waƙa kaɗai ba. Ko "sannu" ba zai ƙara cewa ba.

An riga an sa musu ranar aiki.

Na ce, "Hajiya, ai da kin bar kuɗinki ya yi muku amfani a asibiti. Ni sai in zo da kayana in ɗauka muku."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri. Amma muryar ba ta da lokaci. Wata rana ta buɗe da hantsi, wata rana a wuni ba ta zo ba. Kai za ka zo ka tafi. Ni ce nake tare da shi."



Na zauna na koya mata. Ga jan maɓallin nan, shi za ki danna. Ki ɗora ta a kan wannan ƙafar da na haɗa miki da ita, kar ki riƙe a hannu. Ki nisanta ta da makaɗa, makirfon ne zai tsaya kusa da shi. Ki riƙa cajin batir ko da ba ki yi amfani da ita ba.

Ta yi ta maimaitawa tana kuskure, tana ba ni haƙuri. Ta naɗe kyamarar a cikin hijabinta ta tafi.

Aka kwana biyu ban ji ɗuriyarta ba.

Ran nan ina cikin aiki sai ga ta. Ta rame sosai. Ta ce tana so in tura abin da ta ɗauka a wayoyin 'ya'yanta, tana tsoron kar kyamarar ta lalace ya tafi.

Na jona a kwamfuta, ta zauna a gefena.

Wallahi na sha haɗa bidiyo masu tsada, amma ban taɓa kallon irin wannan ba.

A wani, kyamarar ta karkace, gwiwarsa da gurmin kawai ake gani. A wani, yana zaune a tabarma ya buɗe baki, muryar ta ƙi zuwa. Ya yi dariya marar sauti, ya kaɗa mata hannu alamar ta kashe.

Sai muka zo kan na ƙarshe.

Ana gobe za su tafi asibiti, makaɗansa suka zo bayan la'asar. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Maƙwabta suka taru, mata suka tsaya daga bakin zaure.

Hoton bai fito da kyau ba. Amma ana jin komai, har jan numfashinsa.

Ya soma waƙa. Murya a dishe, tana karyewa. Ya yi tari, ya kurɓi ruwa, ya ɗora daga inda ya tsaya. Makaɗan suka sassauta hannu ba tare da an ce musu ba. Wani tsoho mai kalangu yana kiɗa yana goge hawaye da kafaɗa, don hannayensa ba su da sarari.

Can sai Malam Tanimu ya ɗaga hannu. Kiɗa ya tsaya.

Ya juya wajen da matan suke, ya ce, "Sahura."



Ya sake cewa, "Sahura."

Hajiyar da ke zaune a gefena ta riƙe bakinta. Ta ce mini, "'Yarmu ta fari ce. Tana ɗakin mijinta, har da 'ya'yanta. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, saboda alkunya. Sai dai ya ce 'ke', ko 'ina yarinyar nan'."

A cikin bidiyon na ji wata murya tana rawa, ta ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ba aike ba ne. So nake ki ji shi a bakina. Allah ya yi miki albarka."

Daga nan kuka ne kawai ake ji, har batir ya ƙare.



Na juyo wajenta, na ce, "Hajiya, ya jikin nasa?"

Ta ce, "An yi aikin. Alhamdu lillahi, yana nan. Yana cin abinci, yana zuwa masallaci. Gurmin ma yakan ɗauka ya kaɗa mana."

Ta gyara zaman hijabinta.

"Sai dai in aka zo daidai inda waƙa za ta shiga, sai ya tsaya, ya yi ta kallonmu."

Darasi:

Kafin ka sayi abu, ka san me kake so ya riƙe maka. Ba mai sheƙi ne kullum yake biyan buƙata ba.

Kuma muryoyin da kake ji a gidanku kowace safiya, har wani lokaci kana ƙosawa da su, ba su zo don su dawwama ba. Ka saurare su. Ka ɗauke su da duk abin da ke hannunka, ko da wayarka ta tsage.

In kuma akwai kalmar da kake ɓoye wa wani naka saboda nauyi ko kunya, ka faɗa masa tun bakinka yana iyawa.

Ka tura wa wanda iyayensa suke raye. Ka kuma sa Malam Tanimu da duk marasa lafiyarmu a addu'a.