Motar da Ba Ta Tsaya a Gindin Mangwaro Ba

Muna idar da sallar asuba muka bar Kafanchan, ni da ɗan ƙanwata, ana gab da Kirsimeti. Na karanta addu'ar hawa abin hawa na shafa, shi kuwa ya ce amin yana goge madubi da hannun riga. Motar tasa ce, wata baƙar jif mai tsayin ƙafa da ke ja da tayoyinta huɗu, gilasanta masu duhu. Tun da ya saye ta ba shi da zance sai nata. Ko ta'aziyya ya je, kafin ya fito sai ya gaya wa wani yadda take hawan dutse.

Inda muka dosa wani ɗan ƙauye ne a bayan duwatsun da ke gaba da Kagoma, wurin aminina manomin citta. Mahaifina ya sayi citta a hannun mahaifinsa, ni ma na saya a hannunsa har ƙarfinmu ya ƙare tare. Kirista ne. Duk Babbar Sallah yakan aiko mini da doya da zakara, ni kuma in ƙarshen shekara ya zo in kai masa shinkafa da man gyaɗa da atamfar matarsa. Da ƙuruciya shi ke tuƙa motar asibitin mishan a cikin waɗannan duwatsu, shi ya sa nake kiransa Direban Mishan, shi kuma yana ce mini Malam Citta. Yanzu ido ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, rabonsa da shiga mota an daɗe. Amma ko daga nesa ya ji ƙugin inji sai ya karkata kunne.

Bana na so in ƙara wani abu a kan abin da aka saba. Yana da jika mace, 'yar ƙarama, da ta gado shi a son mota, kullum tana haɗa kara da ƙaya tana ja a tsakar gida. Don haka na shiga kasuwa neman abin da zai dace da ita. Akwai motocin roba masu batir da ake juyawa daga nesa, suna kuka suna walƙiya, tsadarsu kuwa sai ka ce da lasin ake sayar da su. Akwai na waya masu dogon sitiyari, irin waɗanda ake lanƙwasawa a bayan tsohuwar tashar jirgi. Na bar masu batir, don a ƙauye ranar da batir ya mutu mota ta mutu. Na ɗauki wata 'yar jif ta ƙarfe mai manyan tayoyi, wadda ake turawa da hannu. Da na nemi shawarar ɗan ƙanwata kan abin da za a ba babba, sai ya jero mini igiyar jan mota, da famfon taya, da tocilar ɗaurawa a goshi, da takalmin shiga laka. Na ce duk waɗannan kyautar mai mota ce, wanda ba shi da ita fa? Ya ce, "To Kawu, mu kai masa motar kanta, mu hau da shi dutsen da ya saba hawa." Wannan ya kwanta mini. Ya ƙara da cewa kada mu yi masa waya, mu yi masa bazata kamar yadda yake gani ana yi a bidiyo. Na yi dariya na yarda.

Kwalta ta kai mu Kagoma ba wata wahala, in ban da ramuka da shingen jami'an tsaro. A can muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har ana iya haɗiye shi ba a tauna ba, kuɗinsa ne kawai ya yi ƙiba. Doya kuwa tari-tari a bakin hanya, 'yan acaɓa na ɗaure ta a baya kamar itace. Mai ƙosan ta tambayi inda za mu, na gaya mata. Ta dubi motar, ta dube mu, ta ce, "Akwai wanda zai tare ku?" Na ce ai gida ne. Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Daga nan muka sauka daga kwalta. Hanyar ta damina ce da ta bushe da raminta, ta lanƙwashe nan ta harɗe can kamar lam'alif a allon sabon ɗalibi. Ɗan ƙanwata murna ta kama shi, yana ta sauya giya yana yi mini bayani. Muka ratsa wani rafi mai yashi, muka hau wani falalen dutse inda aka baza citta tana shan rana, ƙamshinta har cikin mota. Sai gamba ta rufe mu hagu da dama, ta fi motar tsayi, tana dukan fuskokinmu. Muka ɗaga gilasai.

Tun daga nan hankalina ya fara tashi. Kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki a 'yan shekarun nan, kuma cikin irin wannan ciyawa ba ka ganin abin da ke gabanka sai kun yi karo. Na ciro carbi. Ba mu haɗu da acaɓa ko ɗaya ba. Can muka hango wani mutum a gona, yana ganinmu ya yar da fartanya ya faɗa cikin ciyawa. Ɗan ƙanwata ya ce wataƙila maciji ya gani. A lokacin tsorona shi ne kada wasu su fito mana daga daji. Bai zo mini a rai ba cewa mu ne abin da ya fito daga dajin.

Kafin a shiga ƙauyen akwai wani babban mangwaro. Duk zuwan da nake yi a kan acaɓa nake zuwa, kuma kullum mai acaɓan kan tsaya a gindinsa, ya danna hon, ya jira har wani ya leƙo daga gona ya ɗaga masa hannu, sannan mu wuce. Na ɗauka gaisuwa ce kawai ta mutanen da suka san juna. Mu kuwa da muke son bazata, sai muka wuce shi a hankali, shiru, gilasai a rufe.

Ba mu yi nisa ba muka ji ana dukan ƙarfe. Na san ƙarfen, tsohon wilin mota ne da aka rataye a gaban majami'arsu. Amma ba irin dukan kiran sujada ba ne, wannan da sauri ake yi ba tsayawa, sai kuma ya yanke.

Muka shigo fili gaban majami'a, babu kowa. Tukunya na kan wuta tana tafasa. Taɓarya na ƙasa kusa da turmi, ga takalmin yaro wari ɗaya, ga rediyo a kan kujera tana ta waƙa ita kaɗai. Ɗan ƙanwata ya taka burki ya ce, "Kawu, ina mutane?" Kafin in buɗe baki na ga bakin bindigar toka ya leƙo ta bayan wani rumbu. Na ga wani ta gefen majami'a. Ciyawa ta motsa, na ga kwari da baka. Na duba madubi, an riga an jawo gungumen itace an gitta hanyar da muka shigo.

Ɗan ƙanwata ya kai hannu kan giya, ya ce motar za ta iya ratsa gonar can ta fita. Na damƙe hannunsa. Na san in ta motsa da gudu, sun gama tabbatar da abin da suke zato, ba kuma wanda zai tsaya tambaya. Na ce ya kashe inji, ya sauke gilasai, ya ɗora hannuwa kan sitiyari. Na kama Ayatul Kursiyyu, wadda na haddace tun ban san hagu da dama ba, sai na ji ina ta maimaita farkonta na kasa ci gaba.

Na buɗe ƙofa a hankali. Wani ya daka tsawa, "Kar ka motsa! Ku nawa ne a ciki?" Na ce mu biyu ne. Na manta 'yar motar nan tana kan cinyata cikin baƙar leda. Ina zuro ƙafa ta faɗo kan dutse da ƙarar ƙarfe. Na ji an ɗana kunamar bindiga. Na rufe ido na yi kalmar shahada.

Shiru. Da na buɗe ido sai na ga ledar ta yage, 'yar jif ɗin ta fita tana gangarawa a kan tayoyinta, ta ratsa filin ita kaɗai har ta je ta daki gindin rumbun ta tsaya. Ba wanda ya yi dariya. Na ɗaga hannuwa sama, na tattara abin da ya rage mini na murya na ce, "Salamu alaikum! Direban Mishan! Ni ne Malam Citta!"

Sannan wata murya ta fito daga wani ɗaki, muryar aminina. Ashe da kowa ya gudu kan dutse shi bai iya ba, ya zauna bayan ƙyaure da sandarsa.

"In kai ne, mene ne ka kawo wa Mama bara?"

"Atamfa mai ruwan ganye, wadda ta ce ta yi kama da labulen asibiti!"

"Yara, ku sauke. Shi ne. Wawan tsoho ne kawai."

Samarin suka fito ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke bayan rumbu ya zo gabana. Ya ce, "Baba, yatsana yana kan kunama. Saura kaɗan." Ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Ni kuma na jingina da mota.

Aka sake dukan ƙarfen, wannan karon a hankali, mutane suka fara saukowa daga dutse, mata da goyo, tsofaffi ana riƙe da su. Matar aminina ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Malam, kana da waya ko ba ka da ita? Yesu na gode, da yau mun kashe baƙo a ƙofar gida." A nan aka bayyana mini abin da na sha gani ban gane ba. Tun da zamani ya lalace suka yi yarjejeniya da duk mai zuwa wurinsu: kowane abin hawa ya tsaya a gindin mangwaro, ya nuna fuska, ya danna hon, ya jira a ɗaga masa hannu. Wanda ya wuce shiru, balle baƙar mota mai rufaffen gilashi, ba a jiran jin abin da ya kawo shi. Mahaifiyar 'yar jikar nan ma da ƙyar aka sauko da ita, ta faɗi a kan dutse da yarinyar a hannu, ƙafarta ta kumbura.

Shinkafar da ke kan wuta ta ƙone, don haka tuwon acca muka ci da miyar karkashi, ni dai loma kaɗan na iya. Da azahar ta yi aka shimfiɗa mana tabarma a inuwa, kuma saurayin nan na bayan rumbu shi ya kawo mana ruwan alwala. Bayan nan muka cika abin da ya kawo mu. Aka ɗora aminina a kujerar gaba, gilasai duka a sauke, samari biyu a kan acaɓa suna gabanmu don kowa ya gani. Ya ɗora tafinsa a kan giya yana jin rawar inji, muka hau dutsen. Da muka kai sama, iska na kaɗa masa riga, sai ya ce motar tana da kyau, direban ne ke taka burki kamar mai tsoron ƙasa. Ɗan ƙanwata, wanda tun safe bai sake yabon motarsa ba, ya ce, "Baba, yau kam ina tsoronta."

Yarinyar kuwa ƙin karɓar kyautarta ta yi. Na miƙa, ta ɓuya bayan zanen kakarta, na ajiye a kan turmi na ƙyale ta. Sai da muka zo tafiya na hango ta a gefen rumbu ta ɗauka. Ta kafa wani ɗan reshe a cikin yashi. Ta turo motar har gindin reshen, ta tsayar, ta ce "pim, pim," ta jira, ta waiga hagu da dama, ta ɗaga hannunta ɗaya sama, sannan ta wuce da ita. Ta dawo da ita baya ta sake.

Mun taho da mahaifiyarta har asibitin Kagoma, aka duba aka ce targaɗe ne ba karaya ba, muka gode wa Allah. Mun shigo Kafanchan ana kiran magariba. Na yi salla, na ƙara da raka'a biyu na godiya, kuma har yanzu in na ji an bugi ƙarfe sai gabana ya faɗi. Washegari na tarar da ɗan ƙanwata a ƙofar gida da reza, yana ɓare baƙar ledar gilasansa.

Ga mai neman abin da zai ba masoyin irin waɗannan motoci, yaro dai a ba shi ta ƙarfe mai ƙwari, babba mai mota a ba shi igiya ko famfo, tsohon da ya bar tuƙi kuwa a ba shi kujerar gaba. Amma kafin a ɗaure kaya a yi waya, a tambayi yadda ake shiga garin mutane, ko da an shekara arba'in ana zuwa. Mun tafi mu biyu da furfurata da motarmu ta gaske ba mu tsaya ba. Yarinyar da ko makaranta ba ta shiga ba, da motar wasa, ta tsaya.