Takardar da Ke Cikin Jakar

Abu biyu na samu a wani akwati da na saya a gwanjo: jaka ɗaya, da 'yar takarda da aka maƙala a cikinta da fil. Jakar tana nan har yau. Takardar kuwa ni na hallaka ta da hannuna, ashe ita ce mai daraja.

Sana'ata sayar da tsofaffin kaya. Da tebur ɗaya na fara a bakin titi a unguwar Harlem ta birnin New York, har Allah ya ba ni shago a unguwar Tremont. Nakan je gwanjon ɗakunan ajiya da masu su suka watsar, in saya a dunƙule, in tsince na tsincewa. A nan na ci karo da ita. Jakar ratayawa ce mai faffaɗan maɗauri, an lulluɓe ta da ƙananan duwatsun ado irin na jigida, an fitar da furanni da ganyaye. Takardar ta yi ja don tsufa, rubutun hannu ne layi uku. Na dai ga kamar sunan mace da na wani gari.

Mu dillalai muna da ƙa'ida tun daga garinmu Maraɗi: ba a barin alamar da za ta nuna wa mai saye inda kaya suka fito, kada gobe ya tsallake ka. Ban tsaya karantawa ba. Na cire fil ɗin na adana, don fil ba ya rasa amfani, na yayyaga takardar na zuba a shara. Jakar kuma na jera ta cikin kayan Afirka.

Bayan wata biyu, ran Asabar a kasuwar da nakan kafa tebur, wata tsohuwa mai furfura a kitse ta tsaya a teburina, ta kafa wa jakar ido. Maƙwabcina, wani mutumin Kumasi mai sayar da turare, ya ce da Hausa, "Alhaji, yau ka taki sa'a. Kar ka yi mata sauƙi."

Na ce, "Mama, daga Afirka ta Yamma take, kayan sarauta ne."

Ta yi dariya. "Ɗana, wannan furen a bakin tafkinmu yake tsirowa. Kakata irinsa take ɗinkawa."

Ta ce ita 'yar ƙabilar Ojibwa ce, cikin 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan fararen fata, ta zo ganin 'yarta. Can garinsu a arewacin ƙasar, ita da wasu mata suna riƙe da ƙaramin gidan tarihi mai ɗaki biyu, inda suke koya wa jikokinsu yarensu da wannan ɗinki. Ta juya cikin jakar, ta ɗora yatsa a kan huda biyu masu tsatsa.

"Akwai takarda a nan. Masu karɓar irin waɗannan daga hannun mutanenmu sukan rubuta sunan wadda ta ɗinka. In na sami sunan, har ƙofar jikokinta zan kai ta su gani. Ba ka gan ta ba?"

Na ce, "Haka na same ta, Mama."

Fil ɗin yana nan a gefen hannunta, shi na kama ƙyallen teburina da shi.

Ta tambayi kuɗi. Na naɗe jakar na miƙa mata, na ce ta tafi da ita. Maƙwabcina ya kama baki. "Kai da ko allura ba ka bayarwa kyauta? Ko zazzaɓi kake?" Tsohuwar ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai gaskiya kamata ba. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na yi ta ƙoƙarin tuno sunan, a mota, a masallaci, a bakin tebur. Ko harafi ɗaya bai dawo ba.

Da sanyi ya shigo, 'yar tsohuwar ta kawo mini hoto. Ga jakar a cikin akwatin gilashi, da kati a gabanta. Layin sama ya ce ba a san wadda ta ɗinka ba. Na ƙasa ya ce kyauta ce daga wani ɗan kasuwa mai amana a New York.

Na iya lissafi, ba na ruɗin kaina. Jakar da na bayar ba ta rage ni da komai ba, na mayar da kuɗinta cikin mako guda. Na ci ribar yabo a kati. Matar da ta ƙarar da idonta a kan furannin nan ita ta yi asarar sunanta, jikokinta kuma za su tsaya gaban gilashin ba su san tasu ba ce. Abin da ya rage a hannuna fil ne.