Labarin da Ya Riga Ni Isa Garin Hajo

Tawa, ranar Litinin

Ana kiran assalatu na hita gida da 'yar jakata da buta, sai tashar motocin arewa. Kun san ni da yawo: na ga Abijan, na kwana tashar Agadas, na sha ruwan Kumasi. Amma wannan tahiya ba ta kasuwa ba ce. Aikena anka yi in ɗauko Hajo.

Hajo ɗiyar kawuna ce, taubashiyata ke nan, tana aure wani ɗan ƙauye arewa da Takanamat. Ɗiyarta Rabi, mai ɗinki nan Tawa, ita ta zo ta durƙusa gabana ta ce uwar na da ƙullutu a nono tun kaka, tana ɓoyo. Na ce, "To ke mi ya hana ki yi mata magana?" Sai ta sunkuyar da kai. Ita ce ta fari. Ko sunanta Hajo ba ta kira, balle su zauna zancen nono. Mijin Hajo na can Abijan cin rani. Yayyenta maza kuwa iyakarsu "ya jiki" daga bakin zaure. Duk dangi mutum guda ya rage da zai gaya wa Hajo abin da ya ga dama ba a ce ya yi rashin kunya ba. Ni ke nan.

Jajibirin tahiya na leƙa maƙwabcina Likita Bulus, wani Kirista mutumin kudu, mai aiki asibiti. Na gaya mishi zancen, ya ce in kawo ta kahin ruwa ya sauka. In abin da yake zato ne, ciwon daji ne, kuma maganinsa nan wurinmu wuƙa ce. Muna shan shayi sai ya ba ni wani labari da ya karanta. Wai cikin jinin kowane mutum akwai sojoji da ke kashe baƙon ciwo. Shi kuwa daji ɗan gida ne, daga naman mutum yake tashi, sai sojojin su gaishe shi su wuce. Wai can ƙasashen Turawa ana gwada a ɗebo sojojin daga jikin mai ciwon, a kiwata su su yi yawa, a koya musu gane ɓarawon, a maida su.

Na ce, "Likita, yaushe za a kawo mana?"

Ya ce, "Illa, ko can gwaji ne. Wataƙila jikokinmu."

Ni dai labari ya yi mini daɗi. Na sa shi aljihu.

Hanyar Takanamat

Motar wata tsohuwar Landirova ce, ta Malam Sa'idu. Tun da anka karya darajar sefa, in ji shi, bai sayi sabon ƙarfe ko guda ba, da waya da addu'a take tahiya. Jika da rabi ya karɓa don in zauna gaba. Ba mu tashi ba sai da rana ta ɗaga, don an tsaya jiran buhunan albasa.

Bakin gari ga shingen jandarmomi. Lokacin arewa ba lahiya, kowa sai ya nuna takarda. Jandarman ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?"

Na ce, "Zan kamo wata tsohuwa mai taurin kai."

Ya ce, "In ka kamo ta ka biyo da ita nan, wata huɗu ba a biya mu ba, ko ta yi mana tuwo."

Daga nan hanya ta zama yashi da duwatsu. Mota na kuka, mutane sun yi tsit, ni kuwa ba ni iya zama da baki ruhe. Na ciro labarin Likita. Malam Sa'idu ya ce to ai wannan horon soja ne, sai a kai su bariki. Wata tsohuwa daga baya ta ce a ƙara murya ba ta ji. Na ƙara. Wani Buzu mai rawani ya tambaya ko ana yi wa raƙumi. Na lura duk sanda na maimaita, labarin na ƙara ƙiba, "wataƙila jikokinmu" kuwa na ramewa. Ba zan rantse na faɗe ta a karo na ukku ba. Sun tambayi wa zan ɗauko, na ce Hajo ta gidan Maigari. Mata biyu sunka ce ai garinsu guda.

Sau biyu munka sauka turi. La'asar sakaliya munka shiga Takanamat.

Takanamat

Matan nan biyu jakunansu na jiransu, sunka wuce. Ni bayana ya ƙi, na sauka gidan wani tsohon abokin cin ranina, Alhaji Mamman. Matarsa ta dama hura mai kauri da nonon akuya, ga cuku, ga tuwon hatsi da miyar kuka. Munka taɓa zancen siyasa. Ya ce jam'iyya ukku sun ba shi hula, duk ya karɓa, don kansa guda ne amma rana kullum tana hitowa.

Da sahe na samu amalanken jaki mai zuwa garin su Hajo. Jakin ba ya gaggawa, mai shi ma haka.

Garin Hajo, ranar Talata

Na taho ina shirya zagi kala-kala da zan ja ta da shi. Ina isa na iske ta zaune ƙofar gida bisa ƙullin kayanta, ta sha lulluɓi. Ta rame, hannun hagu na manne da jiki.

Ta ce, "Bawana, sai yanzu? Tun hantsi nake jira."

Na ce, "Wa ya gaya miki biki za mu?"

Ta ce, "An ce ka zo da maganin da ba yanka. A ɗebi jini, a yi mishi karatu, a maido. In haka ne mi zan zauna yi? Kwana biyu na ce wa maƙwabta su ba awakina ruwa."

Jama'a, labarina ya kwana garin, ni na kwana Takanamat. Na dubi ƙullin, ɗan ƙarami, zane biyu ba ya wucewa. Aikin da na zata zai ci mini kwana ukku ga shi ya yi kansa. Zuciya ta ce, Illa, ja bakinka, in ta ga asibiti ai ba ta gudu. Na ɗora ta bisa amalanke munka juyo.

Hanya duk ita ke zance. Ta ce tun muna yara ƙarya ke bina kamar ƙuda. Na ce ita kuma tun tana yarinya ba ta taɓa wanke ƙwarya ta hita ba. Tana dariya tana dahe ƙirji. Ni dariyar ba ta sauka cikina.

Takanamat kuma

Landirovar Malam Sa'idu na lodin komawa. Na kai ta gindin wata bagaruwa na ce ta zauna.

Na ce, "Hajo, maganin nan babu shi Tawa. Babu shi Yamai. Ko can inda ake yi gwaji ne."

Ta dube ni. "To mi ke akwai?"

"Wuƙa. In abin ne, cire nonon za a yi. Likita ya ce in an kai damina yana iya wuce wuƙar ma."

Ta ja lulluɓinta ta ruhe ƙirji. Sannan ta ce, "Kai ɗin banza, a gabana kake kiran sunan abin."

Na ce, "Nono ne. Ya shayar da bakwai, ya gama aikinshi. Ke muke so, ba shi ba."

"Da ka bari na isa ai da ka huta."

"Da kin tsine mini gaban likita. Gara nan, ba kowa."

Ta tashi, ta bar ƙullin, ta bi bayan mai amalanke da ke shirin juyawa. Na ce shi ke nan, na zubar. Malam Sa'idu na ta danna odar mota, ni na tsaya kamar turke. Na ga tana yi wa mutumin magana tana lissafi da yatsu, ya gyaɗa kai, ya kaɗa jakinsa. Ita kuwa ta dawo.

Ta ce, "Na ce a kai awakin gidan maƙwabciyata Ta-Allah, a ba ƙanena gonata ya shuka bana. Kwana biyu ai ba su isa. Ɗauki kayan, mi kake kallo?"

Na biya mata gaba, ni na koma baya cikin buhuna.

Tawa

Bayan isha'i munka shigo. Jandarman nan na bakin shinge, ya ce, "Ita ce?" Hajo ta ce mishi ya gyara hularsa. Rabi na tsaye tasha. Uwar ba ta dube ta ba, sai dai ta miƙa mata buta ta riƙe, kuma ba ta karɓe ba har gida.

Likita Bulus ya duba, ya ce abin ne, amma an zo da sauran dama. An yi aikin satin da ya biyo baya. Yanzu tana gidana tana jinya, tana koya wa matata damun da ta shekara talatin tana yi. Abin da ke gaba Allah ya sani, Likita ma bai yi mana alkawari ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Na gode wa Alhaji Mamman da iyalinsa, da Malam Sa'idu da wayoyinsa, da Likita da ya yi haƙuri da mu. Jiya ya zo wanke mata ciwo, ta tsare shi sai ya ba ta labarin sojojin jini da bakinsa, ba irin nawa ba. Ya ba ta tun daga farko, har da "wataƙila jikokinmu".

Ta ce, "Jikoki ya yi nisa, Likita. In kana da hanyar mutanen nan, ka ce su ɗaga ƙafa. Ɗiya mata huɗu gare ni."