Warin Da Muka Ɗora Wa Kwata

Gaisuwa ga Edita da masu karatu. A tsakiyar shekarun tamanin ni matar aure ce mai ƙuruciya, ina koyarwa a wata firamare a Illela, ga rawar kai irin ta wadda ta yi makarantar horon malamai a Sakkwato ta dawo tana ganin babu wayayya kamarta a unguwa. Maigidana ɗan kasuwa ne, yana safarar albasa da atamfa tsakanin Illela da Konni ta ƙasar Nijar. Daga can ya sayo mini murhun gas mai kai biyu da tukunyarsa, ya kuma sa aka ɗora tanki a bayan ɗaki aka ja famfo har cikin kicin. Mata na zuwa kallo, ni kuma ina kunna musu shuɗiyar wutar nan ina kashewa kamar ni na ƙera ta.

Mahaifiyar maigidana, wadda nake kira Inna, ta taso daga Gidan Katta ta zauna wurinmu saboda ciwon gwiwa. Mace ce mai kawaici, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Abu ɗaya ta ƙi, shi ne shiga kicin ɗin nan. Ta kafa duwatsunta a tsakar gida tana tuƙa tuwonta da kara, tana cewa ita ba ta yarda da wutar da ba ta ga iccenta ba. Nakan yi dariya, in na je makaranta har in ba abokan aikina labari.

Wata safiya na tarar ɓera ya ci tiyon da ke kai gas daga tukunya zuwa murhu. Lokacin an rufe kan iyaka, irin tiyon da ya dace da kan tukunyar kuma sai a Konni. Maigidana ya rufe tukunyar da kansa, ya ce in koma icce har ya sami mai kawo mana. Na amsa da to, amma raina bai so ba. Kwana kaɗan na yi ina hura wuta, idona na hawaye, tufafina na warin hayaƙi a aji, sai na fara jin kamar duk matan da suka zo kallo suna yi mini dariya. Cikin tarkacen da mai gyaran famfo ya bari na ga ragowar tiyon ruwa. Na yanko shi, na tsoma bakinsa a ruwan zafi ya yi laushi, na cusa shi a kan tukunya da murhu, na ɗaure da robar tayar keke. Na ƙyasta ashana, wuta ta kama ras. Da maigidana ya tambaya, na ce masa wata abokiyar aikina ce ta ba ni nata na ajiya, shi kuma bai duƙa ya duba ba.

A daidai wannan lokaci bututun da ke fitar da ruwan wanke-wanke daga kicin zuwa kwata ya toshe da maiƙo da tsakin gero. Ruwa ya kwanta a bayan bango ya yi baƙi, ƙudaje suka taru, wari ya cika gida. Mai gyaran famfo kullum sai ya ce gobe. Kowa ya shigo sai ya toshe hanci ya ce kwata ce, ni ma haka nake cewa. Amma hancina ya san akwai wani warin a ƙarƙashin wancan, mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ya fi ƙarfi idan na sunkuya ɗaukar tukunyar girki. Hankalina ya ƙi kwanciya. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu sai zuciyata ta tafi kicin. In an tashi ba na tsayawa hira, sauri nake in je in shinshina, in taɓa ɗaurin, in ƙara wata robar a kan ta jiya. In buɗe taga, ƙudaje su shigo, in rufe. Kaina yana yawan ciwo idan na daɗe ina girki. Sau da yawa na yi niyyar cire tiyon in jefar, sai in tuna zan faɗa wa maigidana na yi masa ƙarya, sai in ce bari dai a gyara kwatar tukuna, in warin bai tafi ba sai in san abin yi.

Ranar wata Lahadi, ranar kasuwar Illela, maigidana ya ce zai zo da baƙi cin abincin rana. Da hantsi na dafa ruwan shayi, na kashe murhu amma ban rufe kan tukunyar ba. Na ja taga da ƙofa saboda ƙudaje, na shiga maƙwabta aron babban faranti, hira kuma ta riƙe ni. Inna ta ga baƙi za su zo gida yana wari, ta ji kunya a madadina. Ta ɗebi garwashi daga murhunta ta zuba a kasko, ta barbaɗa turaren wuta, ta buɗe ƙofar kicin ta sunkuya za ta ajiye a ƙasa.

Abin da na ji daga maƙwabta kamar an jefo buhun gero daga kan soro ne, bango ya girgiza. Kafin kowa ya tambayi mene ne, ni na sani. Na fito ba takalmi. Na tarar da Inna a yashe bakin ƙofa, zanenta yana ci, ta ɗaga hannuwanta sama tana salati a hankali. Mata suka nannaɗe ta da bargo, wani maƙwabcinmu ya jiƙa buhu ya kutsa ya rufe kan tukunyar. Allah ya taƙaita, ita tukunyar ba ta fashe ba. Cikin ruɗewa muka shafa wa ƙunar ɗanyen ƙwai da man ja, har da hannuna a ciki. A bayan motar albasa aka kai ta asibiti a Sakkwato, inda ma'aikaciyar jinya ta yi mana faɗa, ta ce da ruwa mai sanyi kawai muka yi ta kwarara mata da ya fi, yanzu sai sun kankare abin da muka shafa. Ina tsaye a waje ina jin numfashin Inna lokacin da ake kankarewar.

Makonnin da muka yi a asibitin ban iya zama wuri ɗaya ba. In zauna bakin gado, in tashi, in fita baranda, in dawo. Maigidana ya ɗauka kuskuren Inna ne, yana ta maimaita cewa ina ita ina kai garwashi kusa da gas. Ita ma ta yarda laifinta ne. Wata rana da azahar, maigidana na zaune a gefe, ina yi mata fifita, sai ta ce in yafe mata, ta lalata mini kicin da nake ji da shi. Nan na kasa. Na durƙusa a gabansu su biyu na faɗi komai, tun daga tiyon ruwa har ƙaryar da na yi da warin da na sani na ƙi faɗa. Maigidana ya tashi ya fita, ya kuma daɗe kafin ya sake kallon idona. Inna ta dubi hannuwanta da ke naɗe cikin bandeji.

“To mi za ni yi da wanga zance yanzu, ɗiyata?” in ji ta. “Tashi ki ba ni ruwa, ƙishi ni ka ji.”

Na ɗaga kanta na ba ta ruwan, kuma daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma bari wani ya tayar a gabanta ba. Ƙunar fuska ta warke, amma yatsunta sun manne sun ƙandare. Ba ta sake riƙe muciya ko buta ba, ba ta kuma koma Gidan Katta ba. Na ajiye koyarwa na wani lokaci. Ni ke yi mata alwala, ni ke ba ta abinci a baki, har Allah ya karɓi ranta bayan wasu shekaru. Da ta zage ni ko sau ɗaya, wataƙila da na sami sauƙi.

Abin da na koya shi ne, ba jahilci ne ya kai ni ba, don hancina ya gaya mini gaskiya tun ranar farko. Kunyar komawa icce da kunyar a kama ni da ƙarya su suka sa na ɗora wa kwata laifi. 'Yan uwana mata, tiyon ruwa na ruwa ne, kada ku kai shi kusa da gas komai matsi. Ku rufe kan tukunya duk lokacin da kuka gama girki. In kun ji wari, ku buɗe ƙofa da taga, ku fitar da kowa, kada a ƙyasta ashana ko a shigo da garwashi, domin gas ƙasa yake kwanciya. Ku shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo, in tana kumburowa to gas yana fita. Sannan ku faɗa wa duk wanda ke gidan, har wanda ba ya girki.

Yau 'ya'yana mata suna gidajensu. In na kai musu ziyara, kafin in zauna sai na nemi sabulu na wuce kicin na durƙusa gaban tukunyar gas. Suna yi mini dariya, suna tafa hannu. Ni kuwa hannuwan nake kallo, in gode wa Allah.